Taubashina ne ya kai ni bakin masu tare hanya a Uedama

Tambaya

Assalamu alaikum, Yaya. Ni matashi ne a Garwa, ina da ɗan shagon gyaran waya. Da dare, in an bar mana wuta kuma rezo ya yi kirki, nakan buga EVE Online, wasan jiragen sararin samaniya na intanet, a kwamfutar shago. Na yi watanni ina haƙar ma'adinai ina ƙera kaya, na kuma ƙara da PLEX (abin da ake saya da kuɗin gaske a wurin kamfanin wasan a canza shi zuwa ISK, kuɗin cikin wasa) na sefa 30,000 daga kuɗin gyara na sayi haja. Na loda komai a jirgin dako guda, Iteron, daga tauraron Dodixie zan kai babbar kasuwar wasan da ke tauraron Jita. Ɗan kawuna, wanda ni na koya masa wasan, ya ce zai wuce gaba ya duba mini hanya. Ya turo mini saƙo cewa hanya lafiya lau. Ina faɗawa Uedama, wani tauraro da ke kan hanyar, ƙananan jirage biyar suka rufe ni, kafin in ankara an fasa ni, an kwashe abin da ya zube. Bayan kwana biyu, a teburin mai shayi, ya fashe da dariya gaban abokai, ya ce shi ne ya ba su lokacin tashina da abin da na ɗauko, kuma sun ba shi kasonsa. Da na nuna ɓacin rai sai ya ce yaƙi ɗan zamba ne, dokar wasan ta yarda, kuma ai shi taubashina ne. Tun ranar ba ma magana. Yanzu wani a WhatsApp ya ce zai sa mini bot, wato manhaja mai buga wasa da kanta, da zai riƙa haƙa ina barci, ko ya sayar mini da ISK da araha in biya ta waya. Wani lokaci kuma sai in ji kamar ni ma in koma tare hanya, in huce a kan duk wanda na samu. Shin ba maguɗi aka yi mini ba? In kowa cuta yake yi, don me ni zan zauna ina bin doka?

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah ya mayar maka da alheri. Ba zan ce maka ai wasa ne kawai ba, na san masu faɗa maka haka sun ishe ka. Sefa 30,000 ba a ƙasa ka tsince su ba. Gilashin waya nawa ka canza, bakin caji nawa ka liƙe da dalma kafin su taru? Ga dararen da ka kwana gaban kwamfuta cikin zafin Garwa kana gadin jirgin haƙa. Sai dai wasiƙarka ta zuba mutane iri uku a kwando ɗaya: waɗanda suka fasa ka, da mai bot ɗin WhatsApp, da ɗan kawunka. Muddin suna haɗe a ranka, za ka je ka huce a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ka bar wanda ya kamata ka tunkara yana kurɓar shayinsa.

Masu jirage biyar ɗin nan ba su yi maka maguɗi ba. Da ɗaci, amma haka ne. Tun da kamfanin CCP na birnin Reykjavik ya buɗe wasan a 2003, bai taɓa yi wa mai dako alkawarin cewa ba za a harbe shi a hanyar kasuwa ba, in dai jirgi ya bar tasha. Yankin da ake ce wa mai tsaro, wato taurarin da makin tsaronsu ya kama daga 0.5 zuwa 1.0, yana da 'yan sandan wasa, CONCORD, amma aikinsu hukunci ne bayan an yi laifi. Ba sa tsayawa tsakaninka da harsashi. A tauraro mai 1.0 sukan iso cikin 'yan daƙiƙu, a mai 0.5 kuwa sai an kusa daƙiƙa 20. Uedama mai 0.5 ce, kuma tana kan ƙuntatacciyar hanyar da masu dako ke bi tsakanin Dodixie da Jita. Shi ya sa sunanta ya yi tambari. Mutanen sun san CONCORD za su ƙona jiragensu ƙurmus, sun san inshora ba za ta biya su ko ISK ɗaya ba, sun kuma shigo da wannan a lissafi. Catalyst, jirgin da suka saba amfani da shi, mai araha ne mai zafin harbi. Kowane kaya da ke cikin jirgin da aka fasa, ƙa'idar wasa ta ba shi rabi da rabi: ko ya ƙone ko ya zube. To in rabin abin da ka ɗauko ya fi kuɗin Catalyst biyar nesa, ciniki ya faɗa. Wani na shida, wanda bai harba ko sau ɗaya ba, shi ke bin baya ya kwashe. Abin da kamfani ya haramta a wannan sana'a shi ne mutum ya harbe ka sannan ya yi dabarar da zai tsere wa CONCORD da jirginsa. Wannan kam korar mutum ake yi a kai. Su kuwa sun biya kuɗin laifinsu a take, a gabanka.

Kuma kada ka manta da wanda ke sayen ma'adinin da kake haƙa. Kusan duk jirgin da ke yawo a wasan nan 'yan wasa ne suka ƙera shi, da ma'adinin da wasu 'yan wasa suka haƙo. In jirage ba sa fashewa, wa zai nemi sabo? Kasuwar ta yi girman da a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki na gaske, Eyjólfur Guðmundsson, don ya sa ido a kanta, kuma har yau suna fitar da rahoto wata-wata na abin da aka haƙa, da abin da aka ƙera, da abin da aka lalata. Ribar da ka yi watanni kana ci, jirgin wani ne ya ƙone aka zo aka saya a wurinka.

Ban ce kuma komai daidai yake ba. Akwai rashin adalcin da doka ta ƙyale, kuma mu nan shi ya fi cin mu. Jirage biyar ɗin da ka gani, ba mamaki mutum ɗaya ne ko biyu da asusu da yawa, kowanne an biya masa kuɗin wata. Kamfani ya yarda da haka, abin da ya hana tun farkon 2015 shi ne danna maɓalli ɗaya ya motsa su duka a tare. Kuɗin wata na asusu guda ya kusa dala 20, ya haura sefa 10,000. Wanda ke zaune a Jamus yana biyan biyar bai ji a jikinsa ba, wutarsa ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsa ba ya tsinkewa. Kai in wuta ta tafi bayan wani ya taɓa ka da makami, jirginka zai zauna a sarari minti 15 ba matuƙi, ana iya nemo shi a gama da shi. Wannan duk gaskiya ne, kuma yana da ciwo. Ɗan sauƙin da ke akwai shi ne kwamfutar da ke riƙe da wasan tana ƙirga motsi ne daƙiƙa bayan daƙiƙa, saboda haka jinkirin rezonmu bai kai illar da yake yi a wasannin harbi na waya ba, inda kafin ka ɗaga bindiga an kwantar da kai. Adalcin EVE bai wuce wannan ba: ƙa'ida ɗaya ga kowa, amma ba a auna ƙarfi kafin a haɗa ku.

Maguɗi na ainihi shi ne a karya wannan ƙa'ida ɗaya. An taɓa yi, daga cikin gida ma. A 2007 aka bankaɗo cewa wani ma'aikacin kamfanin ya ba ƙawancen da yake ciki, Band of Brothers, takardun ƙera kaya masu tsada ta bayan fage. 'Yan wasan da kullum suke fasa juna suna dariya, a ranar ba wanda ya yi dariya. Hayaniyar ta kai kamfani ya nemi afuwa, kuma tana cikin dalilan da suka sa a 2008 aka fara zaɓen majalisar wakilan 'yan wasa da ke zama da kamfanin. Ka ga mutanen da suka yarda a yi musu kwanton ɓauna, ba su yarda a ba wani abin da su ba su da hanyar samu ba.

Bot ɗin da ake tallata maka daga wannan dangin yake. Kana barci yana haƙa, ma'adini yana ambaliya a kasuwa, farashi yana faɗuwa. Wa ya yi asara? Masu Catalyst ko a jikinsu, jirgi ma ya ƙara musu araha. Wanda ya ji jiki shi ne mai haƙa da hannunsa, yaro irinka a Marwa ko Kano ko Manila da ke kwana yana dannawa. Kamfani kuma yana farautar bot, yakan dakatar da asusu, in an sake ya rufe shi har abada, da gwanintar da matuƙinka ya yi watanni yana tarawa. ISK na bayan fage ma haka: in suka gano, sukan zare adadin da ka saya daga aljihunka, ko da ka riga ka kashe, sai ka wayi gari da bashi. Wani labari zai nuna maka inda suka ja layi. A 2009 shugaban wani banki da 'yan wasa suka kafa a cikin wasan, Ebank, ya wawure kimanin ISK biliyan 200 na masu ajiya, ya sayar da su ya karɓi kuɗin gaske, wajen dala 5,000. An kore shi. Amma ba don ya cinye ajiyar mutane ba, wannan dokar wasa ba ta hana ba. Sayarwar ce ta kore shi. Hanyar da aka halatta kuɗin aljihu ya zama ISK ita ce saye daga kamfanin, irin wadda ka riga ka bi, PLEX.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a tayin nan ma ba asusunka ba ne. Ka ce a kwamfutar shago kake wasa. Ita ce wadda kake jona wayoyin mutane a jiki kana yi musu filashin, kana kwashe musu hotuna da lambobi kafin ka goge. Mutumin da ba ka taɓa gani ba zai turo maka manhaja, ya ce ka kashe rigakafin kwamfuta kafin ka sa ta, wataƙila ya nemi kalmar sirrinka don ya saita maka. Hotunan matar wani, saƙonnin kuɗin wani ɗan kasuwa, duk za su bi ta cikin na'urar da ka buɗe wa baƙo ƙofarta. Ranar da abu ya fita, ba Jita za a zo neman ka ba, shagonka za a zo. Kuɗin da ka tura ta waya kuma, in ya toshe lambarka, ba mai dawo maka da su. Ka riga shi toshewa.

Batun ka koma tare hanya, ba zan yi maka wa'azin ƙarya ba. Faɗa da 'yan wasa shi ne gishirin wasan, kuma wanda ya taɓa zama a bakin ƙofa yana jiran jirgin dako ya fi kowa sanin yadda ake wucewa lafiya. In kana so ka koya, koya. Akwai yankin da tsaronsa ya yi ƙasa, akwai yaƙin dauloli da ake shiga da ƙananan jirage masu araha, inda duk wanda ka tarar shi ma faɗa ya fito nema. Akwai EVE University, ƙungiyar 'yan wasa da ke koyar da sababbi tun 2004. Kuma wasan ya ba ka haƙƙin ramuwa a kan waɗanda suka harbe ka na tsawon kwana 30, kana iya amfani da shi, kana iya sa masa farashi wani ya karɓa ya yi maka aikin. Abin da ban ga mutunci a cikinsa ba shi ne wanda ke bin sabon shiga mai jirgin da bai kai kuɗin harsashi ba, don kawai ya ji shi yana kuka a akwatin saƙo. Kamfanin ma ya hana cin zalin sababbi a taurarin da suke fara wasa. Kai da ka rubuto cewa so kake ka huce a kan duk wanda ka samu, a wannan layin za ka tsinci kanka, kuma ka san yadda daren yaron zai kasance, don ka kwana irinsa.

Kafin in zo kan ɗan kawunka, akwai naka kason. Kakanninmu da suka shigo Adamawa da fatauci ba su taɓa ɗora dukiyar gida kaf a kan jaki ɗaya su kama daji ba. Ayari suke bi, da madugu, da mai duba hanya, kuma kowa ya san a kan rasa wani abu a tafiya, sai a raba kaya yadda rashin ba zai karya gida ba. Iteron jirgi ne mai fatar takarda, in ka cika shi da na'urorin faɗaɗa ɗakin kaya kuma sai ya ƙara laushi, don ƙwarin jikinsa suke ci. Inshora gangar jirgi take biya, ba ruwanta da haja. Gaba, ka raba kaya sawu-sawu, ka sa wa jirgin sulke maimakon ƙarin ɗaki, kada ka bar shi yana tuƙa kansa kana sallamar mai waya, domin matuƙin kansa yakan sauke ka nesa da ƙofa ka yi ta jan ciki a fili. Taswirar wasan tana nuna jirage nawa aka fasa a kowane tauraro cikin awa ɗaya da ta wuce, shafin intanet na zKillboard ma yana nunawa, ka duba da idonka. Darenmu shi ne daren Turai, lokacin da hanya ta fi cika da mafarauta, hantsi ya fi sauƙi. Kaya masu tsada kuwa ka ba 'yan dako irin Red Frog ko PushX da kwantiragi mai jingina: in an fasa su a hanya, jinginar taka ce. In kuma ka auna ka ga zuciyarka ba ta son wasan da ake kwana da fargaba, ba abin kunya ba ne. Wani wasan jiragen sararin samaniya, Elite Dangerous, wanda ya fito a 2014, yana barin mutum ya zaɓa ko ya shiga fili da kowa, ko rukunin abokai, ko shi kaɗai, har akwai babban rukuni mai suna Mobius da aka kafa a kan sharaɗin ba a harbin juna.

To, ɗan kawunka. Na bar shi ƙarshe don shi ne ciwon, kai ma ka sani. Da baƙi ne kawai suka fasa ka, da ka yi tsaki ka kwana biyu ka koma haƙa, ba za ka rubuto ba.

Ya faɗi gaskiya guda: kamfani ba zai taɓa shi ba. Yaudara da leƙen asiri da cin amanar ƙungiya duk halal ne a dokar EVE, har alfahari ake yi da su. A 2005 wasu da ake kira Guiding Hand Social Club suka shiga wata ƙungiya mai suna Ubiqua Seraph, suka yi kusan shekara suna aiki kamar 'ya'yan gida har suka hau manyan muƙamai, rana ɗaya suka fasa jirgin shugabar, suka share rumbunan. An ƙiyasta abin da dala 16,500. Kamfani bai ce uffan ba, labarin ma ya jawo wa wasan sababbin mutane. In ka kai ƙarar ɗan kawunka wurinsu, amsar da za ka samu ke nan.

Amma dubi bambancin. Waccan shugabar a cikin wasa ta haɗu da mutanen, a cikin wasa ta yarda da su, ta san a duniyar da ta shiga kowa na iya zama ɗan leƙen asiri. Yardar da aka ci a can, a cikin wasan aka gina ta. Kai fa? Me ya sa ka gaya masa lokacin tashinka? Me ya sa da ya ce hanya lafiya ba ka buɗe taswira ba? Don ɗan kawunka ne. Don kun ci tuwo a kwano ɗaya tun kuna yara, don uwarka da ubansa ciki ɗaya suka fito. Wannan yardar ba CCP ce ta ba shi ba, kuma ba ta da ikon halatta masa ita. Ya ɗauko abin gida ya kai kasuwar Jita ya sayar. Masu Catalyst da na'urar leƙa kaya suke aiki, su yi ta jira ko a dace ko a tashi a tutar babu. Shi ya kawo musu abin da na'ura ba ta bayarwa. Da ɗan gari akan ci gari. Yaƙi ɗan zamba ne, gaskiya, amma tsakanin mutanen da suka san suna yaƙi. Da ya ce maka, daga yau na koma wajen masu tare hanya, ka kiyayi kanka da ni, sannan ya kama ka, da ni da kaina zan ce ka sara masa. Shi kuwa cewa ya yi zai duba maka hanya. Ni ba malami ba ne, ba kuma fatawa nake ba ka a kan wasan kwamfuta ba, amma ko yaron makarantar allo ya san hadisin alamomin munafuki, ciki har da in ya yi alkawari ya saɓa, in an amince masa ya ci amana. Alkawarin nan da bakinsa ya yi maka shi, a Garwa, ba matuƙin jirginsa ne ya yi wa naka ba.

Taubasantakar da ya fake da ita ma ba ta rufe shi ba. Taubashi yakan tsokane ka, ya kira ka bawansa, ya ɗauke maka hula, ya tare ka da neman kuɗin shara in shekara ta zagayo. Amma a fili yake yi, ido da ido, kuma ana tashi kowa na dariya har wanda aka yi wa. Wasan da mutum ɗaya ya tafi gida da asarar sefa 30,000 da aikin watanni, ɗayan ya tafi da kaso a aljihu, ya wuce abin da al'ada ta ba shi.

Duk da haka ina zaton bai auna ba. Yaro ne da ka koya wa wasa, ya ji labaran manyan 'yan zamba, yana so ya nuna maka ya fi malaminsa, kuma masu tare hanya sun iya zuga sabon yaro. Mai mugun nufi ɓoyewa yake yi. Shi da ya zo teburin mai shayi yana ba da labari da bakinsa, tafi yake jira, bai san wuƙa ya caka ba. Wannan ba ya wanke shi, amma yana nuna akwai abin gyarawa.

Ka same shi shi kaɗai. Ba a teburin shayi ba, don a gaban abokai ba zai sauko ba, zai ƙara dariya ne ya kare fuskarsa. Ba kuma a rukunin WhatsApp ba. Ka kira shi shago bayan ka rufe, ko ku taka zuwa bakin Binuwai da yamma. Kada ka tsaya musu da shi a kan dokar wasa, a nan zai kayar da kai, don dokar tana gefensa. Ka ce masa: na yarda masu jirage sun yi wasansu, ban da magana da su, kai ka ce mini hanya lafiya, na yarda don kai ne. Sai ka yi shiru ka bar shi da ita. Daga nan ka nemi ya dawo da kason da aka ba shi. Ba zai kai abin da ka rasa ba, wataƙila ko kashi ɗaya cikin goma, amma mayarwar ita ce ban haƙurin da za a iya gani da ido.

Ka kuma riƙe harshenka, a baki da a rubuce. A 2017 wani babban jami'in ƙawancen Circle of Two ya kwashe dukiyarsu ya miƙa babbar tasharsu ga abokan gaba. Shugaban ƙawancen, cikin zafin rai, ya shiga neman adireshin gidan mutumin yana barazanar abin da zai yi wa hannayensa. Wanda aka kora har abada shi ne shugaban da aka ci amanarsa, maci amanar ya ci gaba da wasansa. Can ke nan, inda teku ta raba su. Ku unguwa ɗaya kuke, kalma ɗaya mai zafi tana iya zama dambe a ƙofar gida, daga nan ta zama maganar iyaye. Kuma ina ba ka shawara kada ka kai ta wurin manya tukuna. Ranar da kawu da mahaifiyarka suka ji an kashe sefa 30,000 a kan jirgin da ba a hawa, ku biyun za a haɗa a wanke, a rufe shari'ar da cewa duk ku bar shirme, kai kuma ka fito ba kaso ba ban haƙuri.

Ko ya amsa ko bai amsa ba, yau ɗin nan ka cire masa duk wani izini a ƙungiyarku da rumbunka. In ya taɓa sanin kalmar sirrinka, ko ya taɓa shiga asusunka a kwamfutar shago, ka canza ta, ka kunna tabbaci na biyu ta waya. Dama raba asusu da wani ya saɓa dokar kamfanin. In ya dawo da kason ya ce ya yi kuskure, ka karɓa, kada ka yi ta jan zance, ku ci gaba da fita faɗa tare da jirage masu araha, inda ba abin da zai sayar. In ya ƙi, ya tsaya a kan cewa wasa ne, to ka ji amsarsa. Gabar nan dai ka yanke ta, kwana uku aka ba musulmi. Ka gaishe shi in kun haɗu, ka je sunan gidansu da bikinsu, in wayarsa ta lalace ka gyara masa. Lokacin tashin jirginka da abin da ka loda kuwa, kada ya sake ji daga bakinka.